Shekarar da Na Yi wa Nasiru Tayi

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, ku 'ya'yana, don bangon gidan nan ba shi da kaurin da kuke zato. Kuna cewa Baba ba ya son Nasiru. Wasunku sun ce don shi ba ɗan Garuwa ba ne, wasu sun ce don ya ɗauke Balkisu ya kai ta hayin kogi nesa da mu, autanku kuwa, da yake bakinsa ba shi da linzami, cewa ya yi tsufa ne kawai ya kama ni. Duk ba haka ba ne. Ni na kawo Nasiru wurin aiki, ni na ba shi 'yata da hannuna, kuma da za a sake, shi ɗin zan sake ba. Abin da ke tsakanina da shi kishi ne, kishi tsagwaronsa, irin wanda ke hana mutum jin daɗin tuwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda na zauna rubuta muku rayuwata, gara ku ji yadda aka yi daga bakin mai ita.

Sai na fara da wani abu da ba ku taɓa lura da shi ba. Tun da Allah ya ɗauki iyayena da yayana Tanko, ba mai kiran sunana a gidan nan. Innarku Malam take ce mini tun ranar da aka kawo ta, ku kuna cewa Baba, a wurin aiki Dakta ne, mahautan kwata kuwa Likita suke kirana. Wuri ɗaya ya rage a duniya inda Shu'aibu yake Shu'aibu, wato saman takardar bincike, inda ake rubuta wanda ya yi aikin. Za ku ce ai suna ne kawai. To, ɗan kasuwa yana barin shago, makiyayi yana barin garke. Mai bincike ba ya barin komai sai wannan ɗan layin, kuma da shi ake auna shi ranar ƙarin girma.

Aikina kun san shi sama-sama, kun dai san ina dawowa gida da warin jini a riga. Likitan dabbobi ne ni a wata cibiyar bincike, amma kafin nan ɗan mahauci ne, a kwata na buɗe ido. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina zuwa kwatar Garuwa bayan sallar asuba, duk saniyar da aka yanka sai na duba huhunta, na rubuta ko tana da ciwon huhu ko lafiyayya ce, sannan na rubuta abin da ya fi komai wuyar samu, wato daga inda aka koro ta da burtalin da ta biyo. Kowane likita zai iya duba huhu. Amma je ka tambayi dillalin shanu daga ina ya kawo dabba, ka ga ko zai gaya maka gaskiya. In ta Tubboro ta shigo daga iyakar Chadi, sai ya ce maka a bayan gari aka haife ta, don yana tsoron kada a kafa masa shinge. Ni kuwa ba sa yi mini haka, saboda sun ci nama a faifan ubana, kuma sun san ban taɓa kai sunan mutum gaban hukuma ba. Da haka na tara abin da ba wanda yake da irinsa a duk arewacin Kamaru, hanyoyin da cutar take bi ta shigo mana, shekara bayan shekara.

A zamaninmu ga yadda ake yi. Ka tara bayananka, ka kulle, ko abokin aikinka ba ka nuna wa. In sun nuna, sai ka rubuta maƙala ka aika wa babbar mujalla a Turai. Su kuma su miƙa ta ga wasu masana da ba za ka taɓa sanin sunansu ba, su riƙe ta wata da watanni, su dawo maka da ita suna tambaya me ya sa ba ka yi amfani da na'urar da ko a Yawunde babu ita ba. In ka yi sa'a aka buga, sai mujallar ta rufe ƙofa, ba mai karantawa sai ya biya. Na taɓa neman wata maƙalata da kaina aka ce in biya, sai da na roƙi wani aboki a ƙasar waje ya turo mini abin da na rubuta da hannuna. Daga baya aka ce an gyara, yanzu kowa zai karanta kyauta, amma marubucin ne zai biya, abin da albashina ba ya ko kusa da shi. Na san duk wannan zalunci ne, na sha faɗa a taro. Amma a cikinsa na girma, kuma ina da buri guda, in zuba aikin kwata gaba ɗaya a maƙala ɗaya babba, ta fito a irin mujallun nan, da ita in hau matakin ƙarshe na aiki kafin ritaya.

Nasiru ɗan Marwa ne, daga unguwar Domayo. Ya zo mini yana ɗalibi, na ga yaro mai natsuwa da kai, na tsaya masa har ya tafi ƙaro ilimi waje, ya dawo na samar masa aikin wucin gadi a ƙarƙashina. Shi ya kwashe rubuce-rubucena na shekaru ya zuba su a kwamfuta, ya tsara, ya gyara, wannan ba zan danne masa ba. Ya ga Balkisu, ya turo manyansa, na ba shi. Daga ranar ya daina ce mini Dakta ya koma Baba, ya daina haɗa ido da ni, in na shigo labo, wato ɗakin bincikenmu, sai ya miƙe. Na ji daɗin haka sosai, ban san abin da zai jawo mini ba.

Ya dawo daga waje da wata aƙida, wai ilimi a buɗe yake. Wai akwai rumbu a intanet da mai bincike zai zuba ɗanyen bayanansa, kowa a duniya ya ɗiba kyauta, sharaɗin kawai duk wanda ya yi amfani da su ya ambaci mai su. Samarin cibiya duk suka ɗauka, mu tsofaffi muka ce wannan ai shanya hatsi ne a bakin hanya. Kullum ana shan shayi ana musu. Shi Nasiru ba ya musu da ni, sai dai ya bari in gama, ya sunkuyar da kai ya ce wani abu a hankali. A shekarar da nake ba ku labari cutar ta tsananta a garkunan da ke shigowa ta kudu, sai ya same ni.

"Baba, likitocin da ke can iyaka ba su san inda za su fara kai allura ba. Abin da suke nema yana cikin kwamfutar nan. In muka jira mujalla, sai an ga wata daminar."

"To in na zuba, wani ya kwashe fa?"

"Sai ya ambata, Baba. Haka ƙa'idar take."

Masu ba mu tallafin bincike su ma sun fara cewa dole a buɗe bayanai. Ni kuma ɗan mahauci ne, na san abin da mutuwar garke take yi wa gida. Na ce a zuba. A raina ina cewa rumbu ai rumbu ne, ba bugu ba ne, maƙalata tana nan tafe, ita ce za ta yi magana.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar ya zo gidan nan, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya zauna a ƙasa a zaure, ya buɗe kwamfuta ya juyo mini da ita. Ya gama shirya komai, saura wurin suna. Na duba na ga sunana a farko, nasa a biye, yadda ya kamata. Yanzu ku saurara da kyau, don a nan duk maganar take. A gidan da na tashi, babba ba ya miƙa hannu ya ɗauki kasonsa. In aka yi watanda aka kawo wa ubana tozo, sai ya ture ya ce a ba yara. Wanda ya kawo sai ya ce a'a Alhaji, wannan naka ne. Ya sake turewa, a sake dawo masa da shi, sannan ya karɓa da girmansa. Kowa ya san tozon nasa ne, kowa ya san a gidansa zai kwana. Turewar ita ce dattako, dawowar ita ce ladabi. Ga shi kuma surukina ne, sabon aure, yana neman a tabbatar da shi a aiki. Sai na ga wannan wuri ne na nuna girma.

"Haba Nasiru, ni me zan yi da suna yanzu? Kai ka sha wahalar na'urar nan. Sa naka kawai."

Na gyara zama ina jiran a'a. Ya dubi tabarma.

"To, Baba."

Na ɗauka bai ji da kyau ba. Na ce bari in sake turewa, a karo na biyu ai dole ya farga.

"Ko ba ka ji ba ne? Na ce ka cire nawa."

"Na ji, Baba. Allah ya ƙara girma. Allah ya saka da alheri."

A gabana ya sa yatsa ya goge. Ina kallo Shu'aibu ya ɓace harafi bayan harafi, daga ƙarshe zuwa farko. Idonsa har ya kawo ruwa don godiya. Shi a tarbiyyarsa suruki ba ya mayar wa uban matarsa magana, in aka ce yi, sai ya yi, balle an faɗa har sau biyu. Ni kuma a tawa tarbiyyar babba ba ya cewa wasa nake, mayar mini da abina. Magana zarar bunu ce. Har yau ban ga inda na yi ba daidai ba, abin da kowane dattijo zai yi na yi. Innarku ta aiko da fura, muka sha, ya yi sallama ya hau babur ya tafi.

Ban damu sosai ba a lokacin, gaskiya. Na aika maƙalata, na zauna jira kamar yadda na saba. Kafin masu tantancewa su ko buɗe ta, wata ƙungiyar masana a Turai, mutanen da ba su taɓa shaƙar warin kwata ba, suka ɗibi bayanan daga rumbu, suka haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam, suka zana taswirar yadda cutar ke tafiya, suka buga a mujallar da ta fi wadda na aika wa girma. Ba su yi sata ba, sun bi ƙa'ida, sun ambaci mai bayanan. Mai bayanan kuwa Nasiru ne. Can sai ga amsar tawa mujallar, cikin ladabi ƙwarai, wai aikina yana da kyau amma abin da ke ciki an riga an sani. An riga an sani! Daga wa aka sani? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zan faɗi abin da ban so faɗa ba, don kada ku ce na rage. An kai allura inda ya kamata a wannan shekarar, dillalai da kansu sun gaya mini mutuwar ta yi sauƙi ta wajen Tubboro. Da an jira ni, da ba a kai ba. Na sani. Sanin bai rage mini komai ba, sai ma ya ƙara, don yanzu abin ya zama alheri, kuma alherin da sunan wani ake yaba shi.

Daga nan sai gayyata ta fara zuwa. Yau Nasiru yana wannan ƙasa, gobe yana waccan, yana yi wa manya bayanin shanun da ni na tsaya a kansu tun yana ɗan yaro. Aka tabbatar da shi a aiki ba tare da ya nema ba. Direkta ya riƙa kawo baƙi labo yana wuce teburina ya kai su nasa. In ya dawo daga tafiya sai ya kawo mini tsaraba, turare, agogo, wata rana har da hula mai gashi da ba ta da amfani a zafin Garuwa. Ya durƙusa ya ajiye, in sa albarka, in ya fita in ji kamar in jefa su a kogin Binuwai. Na zama mutumin da ban sani ba. Akwai wani shafi da ke nuna sau nawa aka ambaci mai bincike, ni da na raina kwamfuta sai ga ni na koyi buɗe shi da kaina, ba nawa nake dubawa ba, nasa. Duk ƙarin da na gani sai in ji shi a ƙahon zuciya. In aka ce jirginsa ya makara, sai in ji wani sanyi-sanyi, sannan in yi istigfari.

Ranar da abin ya kai ni bango ita ce ranar rediyo. Wani gidan rediyon waje mai sashen Hausa ya yi hira da shi, duk muka taru a tsakar gida, har maƙwabta. Mai tambaya ya ce masa, wannan aiki na shekaru masu yawa ne, kai kuma ga ka matashi, wa ya faro shi? Na ajiye kofin shayina. Na ce yau dai Allah ya kawo ranar.

"Gaskiya ba ni na faro ba," in ji Nasiru. "Wani babba ne, uba ne a wurina. Shi ya yi komai, ni tsarawa kawai na yi."

"Wane ne shi? Masu sauraro za su so su ji sunansa."

Ina jin numfashinsa a cikin rediyon.

"Ai… Baba ne."

Mai tambaya ya yi dariya, ya ce Allah ya ja da ran Baba, ya wuce tambaya ta gaba. Duk duniyar Hausawa tana saurare, daga nan har inda Hausa ta ƙare, yaron nan ya kasa buɗe baki ya faɗi sunan uban matarsa. Innarku ta tafa hannu.

"Kai, yaron nan akwai kunya! Malam, ka ji? Ko a rediyo bai kama sunanka ba. Wallahi mun yi dacen suruki."

Maƙwabta suka yi ta sa masa albarka. Na tashi na shige ɗaki, na ce kaina ke ciwo.

Ina da aboki a cibiya, Hammadu, Bafulatani, tare muka fara aiki. Shi kaɗai na gaya wa. Bai yi dariya ba, shi ya sa har yau nake ganin girmansa. Ya ce akwai kwamitin ɗa'ar bincike, kuma cire sunan wanda ya tara bayanai laifi ne babba, ko da yardar wa aka yi. In aka kai ƙara, za a janye abin da ke rumbu a sake shi da sunana, waɗancan Turawan ma dole su buga gyara.

"Kwamitin ƙarin girma zai zauna bana, Dakta, kuma ba za ka ga wani zaman ba kafin ritaya. Dossier ɗinka, fayil ɗin aikinka, babu komai a ciki sai tsofaffin takardu. In aka dawo maka da wannan, ka wuce."

"Shi yaron fa?"

"Shi kam ya ƙone. Wanda aka taɓa janye wa aiki don ya cire sunan maigidansa, ba mai sake gayyatarsa ko taron suna."

A lokacin Balkisu ta dawo gida goyon ciki, cikinta na fari. Ita ce ta gane, don duk cikinku ita ta fi iya karanta fuskata. Ta ga yadda nake tashi daga zaure in na ji ƙarar babur ɗin mijinta. Wata safiya ta kawo mini kunu, ta ƙi tafiya.

"Baba, me ya yi maka?"

"Wa?"

"Ka san wanda nake nufi. In laifi ya yi, ka faɗa mini in gaya masa. Ba ya barci saboda kai."

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya cika. Na gaya mata, ban ɓoye ko maganar kwamiti ba. Sai ta ce abin da har yau yake mini zafi.

"Baba, ai da ka ce masa kawai."

Da na ce masa! Kamar ana cewa. Ta kai masa maganar, a ranar ya shiga rumbun ya mayar da sunana a farko. Sai dai shi rumbun ba ya goge abin da ya wuce, sabon zubi yake yi a kan tsohon, na farkon yana nan yadda yake. Kuma duk wanda zai ambata, na farkon yake ambata, don shi Turawan nan suka ambata, kowa kuma daga wurinsu yake kwafa. Ihu bayan hari. Hanya ɗaya ta rage, ta Hammadu.

Washegari da la'asar ya zo, ya zauna a daidai inda ya zauna wancan karon. Ya rame. Bai kawo kwamfuta ba.

"Baba, ban gane ba a lokacin, wallahi ban gane ba. Na ji maganar kwamiti. Ba sai ka kai ƙara ba. In ka yarda, ni zan je da ƙafata in ce ni na cire, a janye, a mayar maka da haƙƙinka."

Ku dubi ikon Allah. Ga tozo an kawo gabana. Kalma ɗaya zan faɗa, irin wadda shi ya faɗa mini, in ce to. Wallahi ta zo har kan harshena, na ji ɗanɗanonta. Na hango sunana a inda ya kamata, na hango direkta yana kawo baƙi teburina, na hango matakin da na yi shekaru ina kallo daga ƙasa. Ta labulen ƙofa kuma ina ganin ƙafafun Balkisu, kumburarru, ta tsaya tana saurare. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun bai ma ruɓe ba, biyayya kawai ya yi. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce tausayi ne kaɗai ya riƙe ni ba. Ni ɗan ubana ne, ban iya karɓar abu a tayin farko ba.

"A'a. Bar shi. Abin da ya wuce ya wuce."

Na faɗa da gaske, rabi da rabi. Ɗaya rabin ya gyara zama yana jira. Na ce a raina, yanzu dai ya koyi darasi, matarsa ta yi masa bayani, zai ce a'a Baba, sai na je. In ya faɗa, sai in sake turewa, ya sake dagewa, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ya daɗe yana kallon tabarma. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunsa.

"To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Na ji Balkisu ta sauke ajiyar zuciya a bayan labule. Ni kuwa sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi, har Nasiru ya ɗago a tsorace. Na ce masa ba komai, tashi ka shiga ka gai da Innarku. Kwamitin ƙarin girma ya zauna, ya tashi, ba ni a ciki. Na yi ritaya a matakin da na daɗe a kai. Hammadu ya ce ni wawa ne, ya faɗa da Fulatanci don ya fi zafi, sannan ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Balkisu ta sauka lafiya, namiji. Ina tsaye a bakin ƙofa aka miƙa wa Nasiru jaririn ya yi masa huɗuba. Ya yi kiran salla a kunnensa, sannan na ga ya ƙara sunkuyawa, leɓɓansa sun motsa. Na matsa, na kasa kunne iya ƙarfina, ban ji komai ba. Ranar suna bai iya gaya wa liman da bakinsa ba, yayansa da ya zo daga Marwa ya tura. Sai ga sanƙira ya ɗaga murya har ƙarshen layi yana cewa an samu Shu'aibu. Jama'a suka juyo suna yi mini barka, ana cewa ka ga ɗan halak, ya biya ka. Sau ɗaya tak a duniya yaron nan ya faɗi sunana da bakinsa, shi ma a kunnen wanda ba zai iya maimaitawa ba. Kafin a gama rabon goro mata sun riga sun yanke hukunci a cikin gida, tunda sunan Baba ne ba mai iya kama shi, sai a riƙa cewa Abba.

To kun ji. Nasiru yanzu babban mutum ne, ɗalibansa duk abin da suka samo a buɗe suke zuba shi, kuma na ji an ce kafin su taɓa komai sai ya zaunar da su an rubuta sunan kowa, ba ya karɓar na yafe daga bakin kowa. Ya kyauta. In ku ma wata rana kuka yi aiki da wani, ku buɗe iliminku yadda kuka ga dama, ban hana ba, amma wurin suna kada ku yi wa kowa kara. Ban daina jin kishinsa ba, kada ku sa rai. In na gan shi a waya yana jawabi, har yau sai na miƙa wa Innarku na ce idona ba ya gani sosai.

Ran Juma'ar da ta wuce sun zo gaisuwa. Takwarana ya yi wayo, yana ta guje-guje a tsakar gida yana korar kaji. Ubansa yana zaune a ƙasa a gabana, kai a sunkuye kamar kullum. Sai na ga ai ni kaɗai ne a duniya nake da ikon kiran sunan nan ba kunya. Na gyara murya, na ɗaga ta yadda duk gidan zai ji.

"Shu'aibu!"

Nasiru ya ƙara sunkuyar da kai. Innarku ta leƙo daga kicin tana salati. Yaron kuwa ko waiwayowa bai yi ba, bai san da shi nake ba.